Daga Ina Hasken Ya Fito? Nazari A Kan Sarrafa Haske A Fim Ɗin Ɗalibai

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. To amma idan aka kunna wa mutum fim, ya zura ido, bai ga komai ba sai wani baƙin abu yana motsi yana magana, ashe ke nan jin ne ya kori gani. Wannan shi ne abin da ya same ni a hutun da ya gabata, kuma shi ne dalilin rubuta wannan maƙala.

An ba mu aiki a darasin adabin baka, aka ce kowa ya ɗauko hira da wani dattijo a bidiyo, ya rubuta abin da ya faɗa, ya yi sharhi. Na tafi gida Kontagora, aka haɗa ni da wani tsohon maƙeri da ya haddace kirarin maƙera, kuma yana ba da labaran garin da ya ji daga bakin kakanninsa, tun daga zamanin Umaru Nagwamatse wanda ya kafa garin a 1864. Na same shi a zaurensa, ya zauna a kan buzu ya juya wa ƙofa baya, ni kuma na zauna ciki ina fuskantarsa da wayar salula a hannu. Muka kwashe fiye da awa ɗaya. Da idona ina ganin fuskarsa sarai, har tsagar da ke kumatunsa. Da na koma gida na duba abin da na ɗauka, sai na ga ƙofar zaure fari fat, dattijo kuwa baƙi ƙirin, ba ido ba baki.

Tun daga ranar na shiga gwaje-gwaje da tocila da zanin gado da ƙanena, wanda ya sha zama a kan kujera har ya fara gudu idan ya gan ni da waya. Abin da na gano shi ne nake son in gabatar wa 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu shirin mayar da wasan kwaikwayo fim, ko masu fita neman bayanai a wurin dattawa. A taƙaice, matsalarmu ba ƙarancin fitila ba ce. Matsalar ita ce ba mu tambayar kanmu abu biyu kafin mu danna: daga ina hasken ya fito, kuma mai kaifi ne ko mai taushi?

Ido Daban, Kyamara Daban

Idon ɗan'adam yana iya ganin abin da ke cikin inuwa da abin da ke cikin rana kusan a lokaci guda, domin duk inda ya kalla yana daidaita kansa nan take. Kyamara ba ta da wannan baiwa sosai. Tana auna hasken da ke gabanta ne, ta zaɓi matsakaici. Idan akwai ƙofa ko taga mai tsananin haske a bayan mutum, sai ta rage abin da take karɓa don kada hoton ya ƙone, fuskar da take cikin inuwa kuma ta nutse. Wayoyin zamani suna ƙoƙarin gyara wannan da kansu, amma a zaure mai duhu da rana tsaka a waje, tazarar ta fi ƙarfinsu. Da na matsar da buzun dattijon nan taku biyu kawai, ƙofa ta koma gefensa, da komai ya fito. Ba sai an sayi ko da kyandir ba.

Kada ɗalibi ya ce ai sai ƙwararrun da suka yi karatu a Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa da ke Jos. Masana'antar fim ɗin Hausa kanta da ƙananan kyamarorin bidiyo ta faro, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990. A 2019 kuma wasu matasa 'yan Kaduna masu kiran kansu The Critics sun yi suna a duniya da gajerun finafinai da suka ɗauka da waya mai fasasshen gilashi. Kayan aiki ba su taɓa isa ba, kuma ba su hana masu lura yin aiki ba.

Inda Haske Ya Fito

Gwajin farko da nake ba kowa shawara ya yi ba ya buƙatar mutum. A samo ƙwarya mai zane, a shiga ɗaki da dare a kashe wuta, a ɗora ta a kan kujera, a kafe waya wuri ɗaya kada ta motsa. Tocila ce kaɗai za ta riƙa yawo.

Idan aka riƙe tocilar kusa da kyamara, wato haske ya fito daga gaba, ƙwaryar za ta fito fes amma kamar faifai, ba tudu ba kwari, zanen ma da ƙyar ake gane shi. Dalili kuwa inuwar duk ta faɗa baya inda kyamara ba ta gani. Haka fuskar mutum take zama, irin hoton fasfo. Yawancinmu wannan haske muka sani, domin shi ne na fitilar da ke jikin waya, kuma shi ne na masu ɗaukar biki. Yana nuna wane ne, amma ba ya nuna halin da yake ciki.

Sai a matsa da tocilar gefe, kamar tsakanin gaba da kafaɗa, a ɗan ɗaga ta sama da kai. Nan take ƙwarya za ta yi ciki, zane ya taso. A fuskar mutum, kunci ɗaya zai haskaka, ɗayan ya shiga inuwa, sai wani ɗan haske mai kusurwa uku ya bayyana a ƙarƙashin idon da ke cikin inuwar. Masu sana'a suna kiran wannan da sunan Rembrandt, wani mai zane ɗan ƙasar Holan da ya rayu daga 1606 zuwa 1669, saboda haka yake yawan zana fuskokin mutanensa. Ni dai a nawa gwajin, wannan ne ya fi dacewa da hira da dattawa. Yana fito da tsaga da furfura da tamojin goshi, abubuwan da mai nazarin al'ada yake nema, ba tare da ya ɓoye baki ba.

Idan aka ƙara matsawa har tocila ta daidaita da kunne, fuska za ta rabu biyu, rabi haske rabi duhu. Wannan ya dace da fitowar da mutum yake cikin wasi-wasi, ko yake ɓoye wani abu a ransa. Amma a yi hattara, idan aka yawaita shi sai kowa a fim ɗin ya zama kamar maras gaskiya, har da liman.

Haske daga sama tsaye shi ne babban abokin gabarmu, domin shi ne rana take bayarwa kyauta a lokacin da muka fi fita aiki. Gira tana jefa inuwa cikin ido, ido ya zama rami, hanci ya jefa tasa a kan leɓe. Mai hula ko rawani kuwa, nasa ya fi muni. Haske daga ƙasa kuma kowane yaro ya san shi, shi ne ake kafa tocila a haɓa don a tsorata ƙanne. Sai dai ba koyaushe yake zama na dodo ba. Duk wanda ya tsaya wurin mai tsire ko mai ƙosai da dare ya ga yadda wuta take haska fuska daga ƙasa, kuma ba wanda ya tsorata, saboda ido yana ganin wutar, ya san dalili. Wannan ƙa'ida ce da ta shafi dukkan aikin: mai kallo yana yarda da kowane irin haske muddin ya ga, ko ya zaci, inda ya fito.

Saura na baya, wanda ya ɓata mini hira. Shi kaɗai, yana mayar da mutum inuwa. Amma idan akwai wani haske a fuska, sai aka ƙara ɗan ƙarami daga baya, a sama kaɗan, zai zana siririn layi a kafaɗa da gefen kai. Amfaninsa babba ne a wurinmu. Mace mai baƙin gyale a gaban bangon ƙasa da dare, idan babu wannan layi, ita da bango duk ɗaya suke zama. Ashe abin da ya kashe ni guba ce da take magani idan an san awo.

Kaifi Da Taushi

A nan ne na fi daɗewa ban gane ba. Na zaci haske mai taushi shi ne maras ƙarfi, mai kaifi kuma shi ne mai ƙarfi. Ba haka ba ne. A miƙa hannu kusa da bango a dubi bakin inuwar. Idan bakin ya fito tsaf kamar an yanka da reza, hasken mai kaifi ne. Idan ya narke a hankali har ba a san inda inuwa ta ƙare ba, mai taushi ne. Abin da yake kawo bambancin shi ne faɗin wurin da hasken yake fitowa, gwargwadon yadda wanda ake haskawa yake ganinsa. Ƙaramar tocila, ko da batirinta ya kusa mutuwa, haskenta mai kaifi ne. Rana duk da girmanta tana da nisa ƙwarai, a sama ba ta wuce ɗan faifai ba, shi ya sa inuwarta take da kaifi. Amma da hazo ya sauko a hunturu, ko hadari ya rufe sama a damina, sai sararin gaba ɗaya ya zama fitila guda mai faɗi, inuwa ta kusa ɓacewa. Ranar da matafiya suke kuka da hazo a hanyar Tegina, ranar ce mai ɗaukar fuska yake samun abin da a wasu ƙasashe sai an kafa manyan labule ake samu. Illarsa ɗaya, sama takan fito fari ba armashi, don haka a rage nuna ta.

Da zarar an gane wannan, dabarun tausasa haske sai su zo da kansu. A rataya farin zanin gado tsakanin fitila da mutum, zanin ya zama shi ne fitilar. Kuskuren da na yi da farko shi ne na manna zanin a bakin fitila, ban ga wani canji ba sai raguwar haske. Dole a ba da tazara, ta yadda haske zai cika zanin duka, sannan a kusanto da zanin wurin fuska. Ko kuma a juya fitilar ta kalli farin bango, hasken ya dawo. Sai dai bango yana ba da aron launinsa. Na gwada a ɗakinmu mai koren fenti, ƙanena ya fito kamar wanda zazzaɓi ya kwantar. Jar ƙasar tsakar gida kuwa takan dawo da wani ja-ja mai daɗi a fata. Idan ƙwan lantarki ne irin na da mai zafi, kada a kusanta masa zane ko takarda, gobara ba ta san fim ba.

A waje da rana, abin da ya fi sauƙi shi ne a shigar da mutum bakin inuwa, bakin rumfa ko ƙofar zaure, yana fuskantar fili. Ba can cikin inuwa ba, daidai inda rana ta daina taɓa shi. Inuwar bishiya kuwa sai an duba, domin dalbejiya da mangwaro sukan yayyafa ɗigon rana a fuska, iska na kaɗawa ɗigon na rawa. Don cike ɓangaren da ya yi duhu, farin kwali ya isa, wani ya riƙe shi ɗaura da fuska yana dawo da haske. Tiren silba ya fi ƙarfi amma yana kashe ido, madubi kuwa sai dai don jefa rana cikin ɗaki daga nesa.

Akwai lissafi ɗaya da ya kamata ko ɗalibin harshe ya riƙe. Idan aka matsar da fitila daga mita 1 zuwa mita 2, hasken da ke isa fuska ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu ne. A mita 3, ɗaya cikin tara. Saboda haka idan mutum biyu suna magana, ɗaya fari ɗaya baƙi, a sa baƙin kusa da fitila ko taga, farin ya ɗan nisanta, sai su daidaita.

Baƙar Fata

Wannan batu yana da tarihi. Daga shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa raba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, wanda aka fi sani da katin Shirley, da shi aka riƙa daidaita launi. Ma'ana, an gina ma'aunin ne a kan farar fata, baƙar fata kuma ta daɗe tana fitowa ba yadda take ba. Kyamarorin yau sun inganta nesa ba kusa ba, amma tunanin ya saura a kawunan mutane. Har yanzu za ka ga an jera fitilu a gaban jaruma ana ta zuba mata haske, wai sai ta yi fari sannan ta yi kyau. A ganina wannan ba gwaninta ba ce, rashin sanin abin da ake da shi ne.

Baƙar fata tana da sheƙi. Siffarta ba ta yawan haske take fitowa ba, ta yadda take ɗaukar hoton abin da ke haska ta ne, kamar yadda sabon tulu ko gogaggen takalmi yake yi. Ƙaramar fitila mai kaifi takan bar ɗigon ƙyalli a goshi da hanci, sauran fuska kuma duhu. Babban zani mai taushi daga gefe kuwa yakan shimfiɗa sheƙi mai faɗi a kunci, fuska ta fito da cikarta. Mai son ganin misali ya nemi fim ɗin Yeelen na marigayi Souleymane Cissé ɗan Mali, wanda ya samu lambar yabo a bikin finafinai na Cannes a Faransa a 1987. Sunan ma, a harshen Bambara, haske yake nufi.

Wani abin da za a kula da shi shi ne tufafi. Farar shadda a rana ita ce ƙofar zauren nan tawa a wata siffa. Idan da hali, a roƙi ɗan wasa ya sa shuɗiya ko mai ruwan ƙasa. Idan dattijo ne da ba za a ce ya canza riga ba, a danna yatsa a kan fuskarsa a jikin waya har ta kulle awon a nan, riga ta ƙone in ta ga dama.

Hausa Ta Riga Ta Raba Wa Rana Suna

Ni Hausa ba a gida na tashi da ita ba, a kasuwa da makaranta na koye ta, shi ya sa wasu kalmomi da 'yan asali ba su damu da su ba ni sukan tsaya mini. Na daɗe ina mamakin me ya sa ake da sassafe da hantsi da walaha, alhali duk safiya ce. Sai da na fara wannan gwaji na ga ashe kowace kalma haske ce daban. Da sassafe rana tana ƙasa, haskenta yana zuwa daga gefe, ja-ja, inuwa doguwa. Da hantsi ta ɗaga amma har yanzu tana shiga ƙarƙashin hula, ana iya aiki. Da walaha ta fara hawa kai. Rana tsaka zuwa azahar, a shiga rumfa. La'asar aiki ya dawo, la'asar sakaliya kuwa ita ce sarauniya. Almuru yana da kyau amma ba ya jira, domin a ƙasarmu daga faɗuwar rana zuwa duhu bai fi minti ashirin da 'yan kai ba. Fim ɗin Amurka mai suna Days of Heaven na 1978 ya yi suna ne saboda an ɗauki yawancinsa a irin wannan ɗan lokaci, har mai ɗaukar hoton, Néstor Almendros, ya samu kyautar Oscar. Su suna da kuɗin jiran gobe. Mu sai a gama bita tun da la'asar.

Saboda haka mai rubuta wasa ya daina rubuta "da rana" kawai a saman fitowa. Ya rubuta hantsi ko sakaliya, ya taimaki mai kyamara. Haka amsa-kama irin su fayau da tar da dishi-dishi, duk umarni ne da kowa a wurin ɗauka zai gane ba sai an ari bakin wani ba.

Kontagora tana kusan digiri 10 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta rana takan tsaya daidai tsakar ka, mutum ya taka inuwarsa. A Disamba kuwa ko da tsakar rana tana karkace ta kudu, don haka tagar da ke kallon arewa takan ba da haske mai taushi da ba ya canzawa sosai yini guda. Rana tana tafiyar digiri 15 a kowace awa. Fitowar minti biyu da aka kwashe awa uku ana ɗauka, idan aka zo haɗawa, inuwa za ta riƙa tsalle daga wannan gefe zuwa wancan.

Dare, Launi Da Rawar Hoto

Fitowar dare ba ta nufin a ɗauka cikin duhu. Stanley Kubrick ya ɗauki wasu fitowa na Barry Lyndon a 1975 da hasken kyandir kaɗai, amma da gilashin kyamara na musamman wanda asalinsa don binciken sararin samaniya aka ƙera shi. Waya ba ta da wannan, hoton sai ya cika da tsaki-tsaki. Abin da na yi shi ne na ajiye fitilar ƙwai inda kyamara take ganinta, na ɓoye fitila mai caji a bayanta daga gefe ɗaya, na rufe ta da takarda mai ruwan lemo. Mai kallo ya ga fitilar ƙwai, ya yarda. Takardar kuwa don launi ce: harshen wuta ja ne, fitilar caji fari mai shuɗi-shuɗi, idan aka haɗa su haka nan fuska takan rabu launi biyu.

Idan kuma aka ga wasu layuka suna yawo a hoto a ƙarƙashin ƙwan lantarki, dalili shi ne wutar Nijeriya tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, wayoyi da yawa kuma suna zuwa a saite kan hoto 30 a daƙiƙa. A mayar da ita 25 idan wayar ta yarda. Da ƙaramin janareto ko hakan ba ya hanawa koyaushe, fitilar batir ta fi kwanciyar hankali.

Da na ga na ɗan iya, na koma zauren nan da farin kwali a hammata. Na tarar dattijon ya rasu, Allah ya jiƙansa. Babban ɗansa ya karɓe ni, na zaunar da shi a kan buzun, ƙofa a gefen damansa, da hantsi. Hoton ya fito yadda nake so. Sai dai rabin kirarin kawai ya riƙe. A tsohuwar hirar akwai wani wuri da ƙarar guduma daga maƙera ta rufe muryar baban, na saurara ya fi sau ashirin ban tantance ko "ɓaure" ya ce ko "ɗaure" ba. Da ana ganin leɓɓansa da an huta, domin ɓ sai an haɗe leɓɓa, ɗ kuwa ba a haɗewa. Na kunna wa ɗan, ya kasa kunne, ya ce shi ma wannan wurin bai taɓa riƙe shi ba. A takardar da na miƙa wa malam, na bar gurbin da ɗigo uku.